Waƙoƙin Eurovision: na san shirme ne, to me ya hana su fita daga kaina?

Ɗan Gwale (Lund, Suwidin)

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma don Allah a bari in kai aya kafin a fara yi mini dariya.

Duk wanda ya ɗan zauna a Turai ya san gasar waƙar nan ta Eurovision da ake yi a watan Mayu. Waɗanda ba su san ta ba, ga yadda take: kowace ƙasa ta turo waƙa ɗaya, a rera su kai tsaye a talabijin, a ba da maki, ƙasar da ta lashe ita ke karɓar baƙuncin ta baɗi. Tun 1956 ake abu ɗaya, kuma masu kallo sun haura miliyan 150. Mutanen Suwidin kuwa sun ɗauki abin da zafi fiye da yadda kuke zato. Kafin a je babbar gasar ma sai sun cinye Asabar shida a jere, daga Fabrairu zuwa Maris, suna tasu ta cikin gida mai suna Melodifestivalen, don kawai a fid da wanda zai wakilce su. Ran Litinin lokacin shan gahawa a sashenmu, farfesan da gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa, sai ka ga ya cire tabarau yana musu a kan rigar wata mawaƙiya.

Ni dai na san waƙoƙin nan ƙyale-ƙyale ne. Ɗauki wadda Suwidin ta tura Basel a 2025. Ƙarti uku cikin kwat, ɗaya rungume da akodiyon, an kafa musu ɗakin katako a kan dandali, ana gasa sosej a wuta, 'yan rawa kuma kafin a gama sun koma daga su sai tawul. Waƙar tun daga farko har ƙarshe zancenta ɗaya ne: a zo a shiga sauna, ɗakin nan mai zafi da suke shiga su yi gumi. Su ukun ma ba 'yan ƙasar ba ne, daga wani gari suke a Finlan inda ake yin yaren Suwidin da wani karin harshe da abokan aikina ke cewa sai sun kasa kunne sosai. Ta zo ta huɗu. 'Yata mai shekara huɗu ta kwaso ta daga makarantar reno ta shigo mana da ita gida, yau ga shi ni ne nake yin ta ina wanke kwanuka, ina kan keke, har a layin biyan kuɗi a kanti. Uwargida ta ce in na ƙara sai ta ɗauke ni bidiyo ta tura wa 'yan gidanmu.

Ni fa da waƙoƙin fada da na noma na tashi, a kaset ɗin mahaifina, irin waɗanda baiti ɗaya sai ka kwana kana juya shi. Kunnena ya san waƙa mai nauyi, shi ya sa abin ke ɗaure mini kai. Su masu yin abin nan, sun san abin dariya suke yi, ko har ga Allah da gaske suke? Ni kuma da nake zama har ƙarfe ɗayan dare ina kallo, dariya nake musu ko daɗi nake ji?

Maman Iman (Liverpool, Ingila)

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sannu da shigowa, ka kamu ke nan, kuma ban ga wanda ya warke ba. Ni tun 1997 nake kallo, shekarar da rabon Birtaniya da kofi ke nan. Lokacin ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, na shigo na tarar an jera su a falo, an raba musu takarda da fensir, kowa na ba da nasa makin. Akwai wata tsohuwa da sunan ɗanta ma yakan ɓace mata, amma ta riƙe daren 1974 da mawaƙan ABBA na Suwidin suka ci a Brighton, har irin dogayen takalman da suka sa.

Turawan Ingila salonsu daban da na mutanenku na can. Kallon raini suke yi wa abin, ko in ce haka suke nunawa. Mai sharhin BBC na wancan zamani, marigayi Terry Wogan, aikinsa ke nan duk daren, ya yi wa wannan ba'a ya koma kan waccan, wanda ya gaje shi ma bai canza zani ba. Amma ka bari a zo wajen maki ka ga yadda masu rainin ke matsowa bakin kujera. Ni a wurina nan gasar take. A kira ƙasa, wata ta fito cikin kwalliya a gaban hoton babban birninsu, ta ɓata lokaci tana yabon masu masauki, mai gabatarwa na murmushin dole, sannan ta faɗi wanda suka ba maki 12, wato mafi yawan da ƙasa ke bayarwa. Kafin Girka ta buɗe baki 'yan zauren sun riga sun amsa mata: Kuburus! Ita ma Kuburus in an zo kanta ta rama biki.

Mu nan Liverpool muna da tabo. A 2003 wasu 'yan garin nan biyu, mace da namiji, suka je Riga suka ɗauko waƙa a karkace, murya na gabas kiɗa na yamma, suka dawo ba ko maki ɗaya. Daga baya suka ce ba sa jin kiɗan ne a kan dandali. A 2021 aka maimaita, sifili daga alƙalai, sifili daga masu kallo. Bawan Allahn da ya wakilce mu sai ya miƙe tsaye yana dariya yana ɗaga kwalba, zauren gaba ɗaya ya kaure da tafi. Ban taɓa ganin an yi wa na kashin baya irin wannan karamci ba.

Tambayarka ta farko: da gaske suke, kuma wanda bai zo da gaske ba jama'a na gane shi. A 2008 Ailan, ƙasar da ta ci gasar sau bakwai, ta nuna kamar abin ya ishe ta, sai ta turo 'yar tsanar talotalo a cikin wani keke irin na sayayya, yana ƙaraji yana roƙon maki da gatse. Ihu aka yi masa, ko zagayen ƙarshe bai kai ba. To dubi 2012 a Baku. Tsofaffin mata shida daga wani ƙauye a yankin Udmurtiya na Rasha, cikin jajayen kayan gargajiya, an ajiye musu tanda tana juyawa a bayansu. Suka zura tire a ciki, suka fara waƙa a hankali da yarensu, kwatsam sai kiɗan disko ya faɗo, tsofaffi suka hau taka rawa. Babbarsu ta haura 70, 'yar ƙarama da ita, ba ta ma cika bin kiɗan ba, murmushi kawai take yi. Ana gab da gamawa suka ciro tiren suna nuna wa jama'a abin da suka gasa. Kuɗin da suke samu coci suke son sake ginawa a ƙauyensu, wadda aka rushe zamanin Tarayyar Sobiyet. Suka zo na biyu. In ka rubuta wa mutum wannan a takarda zai ce shirme ne tsagwaronsa. Ni dai na yi dariya har na riƙe ciki, na kuma ɗauki waya na zaɓe su.

Ta biyun kuwa ba sai ka zaɓi ɗaya ba, duka biyun kake yi. A 2023 da aka kawo gasar garin nan a madadin Yukiren saboda yaƙi, na fita Pier Head da jikokina. Manyan mutane masu tumbi da sanƙo, sanye da koren hannun riga mai kumburi irin na yaron da ya wakilci Finlan a shekarar, ƙirji a waje, iskar bakin ruwa na kaɗa su. Kowa ya san ya zama abin kallo, ba wanda ya damu. Daren ƙarshe alƙalai suka ba 'yar Suwidin ɗinku, jama'a suka ba ɗan Finlan, zauren ya dinga rera amshinsa ana tsakar faɗin maki. Har yau jikata ba ta yafe wa Suwidin ba, ka gaya wa farfesanku.

Mai Fiyano (Zoo Road, Kano)

Salam. Yallaɓai Ɗan Gwale, Anti ta yi maganar zuciya, ni bari in yi ta sana'a, don kiɗa nake haɗawa, kuma duk shekara nakan nemo gasar a YouTube in zauna in yi nazarinta.

Abin da ya maƙale maka a kai ba tsautsayi ba ne, ƙera shi aka yi don ya maƙale. Dubi dokokin. Waƙa ba ta wuce minti uku, mutum shida kacal a kan dandali. A daren ƙarshe waƙoƙi 25 ko 26 ne a jere, yawancin masu kallo ranar suka fara jin su, wasu ma da harsunan da ba sa ji. Da an gama sai a maimaita 'yan daƙiƙoƙi daga kowace, a ce to a zaɓa. In kai ne na tara a layi, ta yaya mai kallo a Fotugal ko Polan zai tuna da kai bayan waƙa 17 sun bi ta kanka? Dole amshi ya iso da wuri, ya zama gajere, wanda yaro zai kama a ji ɗaya, kamar dai yadda 'yarka ta yi. Dole kuma ka ba ido abin riƙewa, yadda maigida zai juya ya ce wa matarsa, ni mai gudu cikin ƙafar keken nan zan zaɓa. Ba ƙirƙira na yi ba, a 2014 Yukiren ta sa wani mutum cikin wata ƙatuwar ƙafa mai juyawa yana ta gudu a bayan mawaƙiya. A 2008 Rasha ta kawo zakaran Olamfik na wasan zamiya a kan ƙanƙara, aka shimfiɗa masa ɗan fili yana kewaya mawaƙin da mai goge, suka ci. A 2006 Finlan ta turo dodanni da fuskokin roba, shugabansu da fukafukai da gatari mai feshin wuta, su ma suka ci. Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A 2015 Ostiriya, tana mai masaukin baƙi, ta cinna wa fiyano wuta a kan dandali, ta tashi da sifili. Ni abin ya yi mini ciwo, saboda fiyanon.

Baituka marasa ma'ana ma suna da asali. Shekaru da dama doka ta tilasta wa kowace ƙasa yin waƙa da harshenta, sai a 1999 aka sake ta gaba ɗaya. Marubuci ya san da ya tsallaka iyaka ba mai jin abin da ya rubuta, sai ya nemi sautin da ba na kowa ba, wanda kowa zai iya yi. Sifaniya ta ci a 1968 da waƙar da amshinta la-la-la ne kawai, ta kayar da Birtaniya da maki ɗaya a cikin Landan. Suwidin ta ci a 1984 da wasu 'yan uwa uku cikin takalma ruwan zinare, amshinsu wani digilo-digile da su kansu ba fassara shi za su yi ba.

Sai babban makami, ɗaga ki. Bayan amshi na biyu kiɗa ya lafa, ganga ta yi shiru, mawaƙiya ta ja numfashi, sannan a ɗaga waƙar gaba ɗaya sama da mataki ɗaya a sake amshin. Daidai nan mai fanka zai kunna fanka gashi ya tashi, tartsatsin wuta ya zubo daga rufi, kyamara ta ja da baya ta nuno tutoci. Ba wani sabon abu aka faɗa ba, amshin ɗazu ne, amma tsikar jikinka sai ta tashi ko kana so ko ba ka so. Na gwada shi a waƙar biki, na ga abin da ya yi wa ƙawayen amarya. 'Yan shekarun nan sun rage yi, don ya zama abin tsokana.

Wani abin da ba kowa ya lura ba, jita da gangunan da kake gani na ado ne. Tun 1999 aka sallami ƙungiyar makaɗa, kiɗan duk a naɗe yake, muryar mawaƙi ce ake yi kai tsaye. Mai gangar nan da ke zufa yana jijjiga kai, wasan kwaikwayo yake. In kuma ka ji waƙoƙin na kama da juna, duba sunayen marubutan, za ka sha cin karo da mutanen da kake zaune cikinsu. Waƙar da Azarbaijan ta ci da ita a 2011 ma da hannun 'yan Suwidin a ciki.

Ni abin bai zame mini baƙo ba, don irin zagin da ake yi wa Eurovision shi ake yi mana a nan. A ce waƙoƙin fim ɗinmu fiyano ne da muryar kwamfuta, saurayi da budurwa su canza kaya kala biyar a lambu ɗaya, ba hikima ba azanci. Mai faɗin haka, ka ari wayarsa ka duba, suna ciki.

In ƙara da wannan don adalci. A 2017 wani ɗan Fotugal ya fito shi kaɗai, kwat ta yi masa yawa, ba rawa ba wuta, ya rera waƙa a hankali da harshensu, 'yar uwarsa ce ta rubuta masa. Maki 758, ba a taɓa tara kamarsa ba. Da ya karɓi kofi ya ce waƙa ba wasan wuta ba ce, abin da ke taɓa zuciya ce. Na yarda da shi rabi. Da sauran 25 ɗin ba su cika wa mutane kunne da hayaniya ba, sanyin muryarsa ba zai yi wannan tasirin ba.

Ɗan Damagaram (Burusel, Beljiyam)

Salamu alaikum. Ku gafarce ni, ni ban bi ku ba. Hajiya da Malam Mai Fiyano sun yi bayani mai kyau, amma sanin yadda aka ƙera abu bai mai da shi abin kirki ba.

Kun kawo misalin masu sauna da tsofaffi masu tanda, kun tsallake sauran, masu fitowa kusan tsirara da abubuwan da bakina ba zai iya faɗa ba. Malam Ɗan Gwale, ɗiyarka shekararta huɗu. Ka riƙe rimot a hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da'awar da suke yi cewa gasar ba ruwanta da siyasa, wai kiɗa ne ya haɗa kan kowa. A 2022, washegarin ranar da Rasha ta shiga Yukiren aka kore ta daga gasar. Isra'ila kuwa ana ruwan bama-bamai a Gaza aka bar ta ta hau dandali a 2024, aka sake bari a 2025. Kai da kake Lund, Malmo inda aka yi ta 2024 na kusa da kai, ka fi ni sanin dubban mutanen da suka fito titi a makon nan. Ƙyalƙyalin da kuke yabo aikinsa ke nan, ya ɗauke ido.

Kuma ina namu a ciki? Ba sai ƙasa tana Turai take shiga ba, tashar talabijin ɗinta ce za ta zama mamba a ƙungiyar EBU mai shirya gasar, kuma tashoshin Aljeriya da Tunisiya da Masar duk mambobi ne. Ostireliya ma da ke can ƙarshen duniya tun 2015 ake damawa da ita. Amma Afirka sau ɗaya tak ta shiga: Maroko, a 1980, da waƙar Larabci a bakin Samira Said, wadda daga baya ta zama babbar tauraruwa a Masar. Maki 7 aka ba ta, duka daga Italiya, ta zo ta 18 cikin 19, ba su sake komawa ba. A 1991 Faransa ta tura Amina, haifaffiyar Tunisiya, da waƙar da ko ni na yarda waƙa ce. Ta yi kunnen doki da 'yar Suwidin, 146 da 146. Aka ƙirga masu maki 12 aka samu huɗu-huɗu, aka koma kan masu maki 10, aka miƙa kofi ga 'yar Suwidin mai tsalle-tsalle a gaban fanka. Faransa tun 1977 rabonta da ci.

In dariya ake nema, akwai ta a wurare da yawa da ba sai an raba dare ba.

Maman Iman (Liverpool, Ingila)

Malam na Damagaram, maganar Gaza gaskiya ka faɗa, ba ni da ja. Ni ma a 2024 ban kunna ba, haka mata da yawa a unguwarmu. Rimot kuma ni nake riƙe da shi a gidana, yara sun san inda nake canza tasha. Amma wanda ba ya kallo, a ina ya samo huɗu-huɗu da 146? Ni da na tsufa a kan abin ma ban riƙe wannan ba.

Ɗan Gwale (Lund, Suwidin)

Allah ya saka da alheri, duk na karanta. Malam Ɗan Damagaram, na ga makon da kake magana da idona. 'Yan sanda har daga Denmak da Norwe aka kawo. A jirgin ƙasa ɗaya sai ka ga masu rawanin Falasɗinu za su zanga-zanga a tsakiyar gari, ga masu kayan ƙyalƙyali za su Hyllie inda zauren yake, kowa ya kau da kai daga ɗan uwansa. Mu ma a shekarar ba mu kunna ba, kuma har yanzu in an zo kan wannan batun ba ni da abin kare su. Abin da ba ni da iko a kai shi ne abin da yara ke rerawa a filin wasan makaranta.

Anti, na isar da saƙon jikarki. Farfesa ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa, ya buɗe kwamfuta ya nuna mini wasan da masu gabatarwa suka yi a Stockholm a 2016 lokacin da ake jiran maki. Waƙa suka yi sukutum a kan yadda ake cin Eurovision, suka fito da komai dandali: tsofaffi masu gashin burodi, mai gudu cikin ƙafar keke, mai goge, fiyano na ci da wuta, har da ɗaga ki ɗin da Mai Fiyano ya faɗa. Ashe sun sani sarai. Kuma mutanen da suka yi wa kansu wannan tsiyar su ne suka koma suka sake ci a 2023, suka kamo Ailan a bakwai-bakwai.

Mai Fiyano, kai kuma ka ɓata mini kallo. Yanzu da kiɗa ya lafa sai in fara neman inda aka ɓoye fanka.

Mai Fiyano (Zoo Road, Kano)

Yallaɓai, a ƙasa take, gaban dandali, ka duba wajen ƙafar mawaƙiya.

Ni ma ina da buƙata. Tun 2023 suka buɗe wa sauran duniya damar zaɓe ta intanet, a tara ƙuri'unmu duka a lissafa su a matsayin ƙasa ɗaya. A 2025 na so in zaɓi ɗan Estoniyan nan mai waƙar gahawa da Italiyancin bogi, mai rawa ƙafafu na lanƙwashewa tsakanin masu gadi biyu. Na shiga shafin, na sa lambar katin banki, kati ya ce bai san zancen ba. Ya zo na uku ba da ni ba. Baɗi in Allah ya kai mu zan turo maka lambar waƙar da nake so ta WhatsApp, ka zaɓa mini daga can, in biya ka da kilishi. Ba asara za ka yi ba, tunda doka ta hana ka zaɓar Suwidin daga cikin Suwidin.